Sifirin da Na Rubuta wa Unguwarmu

Zuwa ga ƙanwata, Autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙonmu, wanda ya cika wata huɗu shekaranjiya in lissafina bai kuskure ba. Allah ya raya mana shi, ya ƙara miki lafiyar shayarwa, ya ba babansa haƙurin kuka, don na ji an ce muryarsa irin taki ce lokacin da kike ƙarama, wato unguwa guda ba ta barcin rana. Shekara goma sha ɗaya kina jiran yaron nan, Auta, mu ma muna jira tare da ke, har yau in na tuna ranar da kika kira kika ce ya iso sai hawaye su zo mini.

Mu nan sai godiya. Ciwon bayan baban yara ya lafa tunda ya yarda ya daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, ko da yake ya ce ba don maganata ya daina ba. Babbar 'yarki ta wajena ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci da cajin waya. Yaya, babban wanmu, yana leƙo mu duk ƙarshen mako, ya sha shayi, ya yi wa kowa faɗa, ya tafi. Inna ce dai jikin sai a hankali. Ƙafafun sun sake kumbura, likitan zuciya ya ƙara mata ƙwaya ɗaya, idon kuma ya ƙara dushewa, har hotunan da kike turowa ni ce nake ba ta labarinsu, in ce ga kumatu, ga gashi, ga hancin marigayi Baba sak. Amma tunda kika ce kun sayi tikiti sai ta zama wata yarinya. Ta sa an wanke labulen ɗakinki sau biyu, ta sa Yaya ya ɗauko gadon jaririn da ke sito ya sake masa fenti, ta shimfiɗa masa zanen da ta ɓoye tun aurenki, kullum da hantsi sai ta lallaba bango ta shiga ta shafa shi ta fito. Ta ce angonta zai zo, dole ya tarar da gida a kimtse.

To Auta, ki samu wuri ki zauna, in yaron yana hannunki ki miƙa wa babansa. Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon waya, na kuma ba abokin baban yara takardar hannu da hannu tunda zai biyo ta wajenku, shi ne in roƙe ki kada ku zo. Kada ki kawo yaron nan ƙasar nan yanzu. Ƙyanda ta ɓarke a nan, ba kaɗan ba, shi kuwa bai kai watannin da ake yi wa allurarta ba. Na san abin da za ki ce. Ranar da muka yi waya kin gaya mini maigidanki, da yake mutum ne mai bin diddigi, ya shiga shafin ma'aikatar lafiyarmu ya duba taswira, ya ga ƙasar kore shar daga sama har ƙasa, babu ɗigon ja ko ɗaya. Ni kuma na ce miki to, Allah ya kawo ku lafiya, na sauya zance. Tun ranar nan abinci ba ya mini daɗi. Ban iya faɗa miki a waya ba don yanzu a ofishinmu babu mai yarda da wayarsa, kuma ban iya faɗa miki ba don kunya. Koren da mijinki ya gani, da hannuna na shafa shi.

Kin san shekara goma sha tara ina wannan aiki, amma ban taɓa zama na bayyana miki shi ba, don duk lokacin da na fara sai ki ce Yaya mai ƙirgen marasa lafiya ta soma wa'azi. Yau dole ki saurara. Ƙananan asibitoci ɗari biyu da goma sha biyu ne a ƙarƙashin teburina. Duk Litinin kowanne yana aiko mini da fom, ya faɗi cututtuka masu yaɗuwa nawa ya gani a makon, ni kuma in shigar a kwamfuta, taswira ta fito. Inda aka ga cuta ya yi ja, inda aka duba ba a gani ba ya yi kore, inda ba a aiko da komai ba ya tsaya ruwan toka. Dokar aikin ita ce ko asibiti bai ga mutum ɗaya ba, sai ya aiko da fom ya rubuta sifiri, ya sa hannu. Domin sifiri yana nufin wani ya buɗe ido ya duba. Gurbin da babu komai kuwa yana nufin ba mu sani ba, kuma shi ne abin tsoro.

Wanda ya koya mini wannan shi ne tsohon shugabanmu, likitan nan da muke kira Mai-jan-biro, wanda ya zo ta'aziyyar Baba da takalmin da ya sha faci, kika yi ta dariya a bayan ƙofa. Watana na farko a aiki wani asibiti bai aiko ba, ni kuma ina sauri in tashi, sai na ce ai ƙaramin wuri ne, me za su gani, na danna sifiri. Washegari ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya tambaye ni wa ya gaya mini sifiri ne. Na ce babu kowa. Sai ya ce in ɗauki jakata in hau mota in je in tambayo su. Awa uku ina jijjiga a hanya ina tsine masa a zuci. Da na isa na tarar da ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo da yara goma sha huɗu kwance a baranda suna amai da gudawa, ko zama ba ta samu ta yi ba balle cika fom. Daga ranar nan ban sake taɓa gurbin da babu komai ba. Duk wanda aka kawo mini sabon ɗauka, labarin nan nake fara ba shi, har sun gaji da ji.

Sai aka yi zaɓe. Ba zan ɓoye miki ba, kin ma sani, ni ma na bi layi cikin rana na dangwala wa mutumin nan da ke kan mulki yanzu, har muka yi musu da ke kika ce daɗin bakinsa ya yi yawa, na ce ke da ba kya nan me kika sani. To ga shi yau ina neman afuwa. Ba dare ɗaya abin ya lalace ba, da kaɗan-kaɗan aka fara, kowanne kuma da dalilinsa mai daɗin ji. Da farko aka rushe kwamitin likitocin da ke ba da shawara kan allurar rigakafi, aka ce sun daɗe, ana son sababbin jini, sai ga shi cikin sababbin har da wanda ya yi suna wajen cewa allura ce ke kawo ciwo. Sai aka ce za a rage ɓarna, aka sallami ma'aikata a rana ɗaya ta saƙon waya, wasu suna tsakiyar duba maras lafiya. Motocin da ke yawon allura unguwa-unguwa aka jera su a bayan ofishinmu, tayoyin sun sace, wata kyanwa har ta haihu a ƙarƙashin ɗaya. Ɗakin gwaje-gwaje na bene aka daina saya masa sinadari, jinin da ake aikowa yana nan jibge a firiza babu mai gwadawa. Sai aka raba mana takarda mai ɗauke da kalmomin da ba a so a gani a rahoto, ta farko a ciki ita ce annoba. Daga ƙarshe aka ce rahoton mako, wanda shekara da shekaru ke fita duk Laraba ko gwamnati na so ko ba ta so, sai ya bi ta fadar shugaban ƙasa kafin kowa ya gani.

Kin ga idan aka rufe asibiti, ko aka bar mutum ɗaya yana aikin mutum biyar, fom ba zai zo ba. Cikin wata shida masu aiko mini suka koma casa'in da biyar. Taswira ta yi toka-toka kamar tsohon bargo. Mai-jan-biro ya rubuta wasiƙa ya sake rubutawa, yana cewa mun makance, ba mu san abin da ke faruwa a fiye da rabin ƙasar ba. Da 'yan majalisa suka ji suka gayyace shi ya yi bayani, mu duka muka ce alhamdu lillahi, yau za a ji. Ya guge rigarsa, ya shirya takardu cikin jaka. Aka ɗage zaman sau ɗaya, aka ɗage sau biyu, a na uku yana kan hanya aka kira shi aka ce ya dawo ya karɓi takardar sallama, kuma tunda yanzu ba ma'aikaci ba ne, ba shi da izinin magana da yawun ofis. Wata 'yar jarida da ta riƙa zuwa tana tambayar ina rahoton Laraba, aka karɓe mata katin shiga ma'aikata. Ƙungiyar likitoci ta kai ƙara, wani alƙali ya ce a fitar da alƙaluman cikin kwana bakwai, kafin kwanakin su cika aka yi masa ƙarin girma zuwa wata kotu mai nisa inda ake shari'ar filaye. Ranar da Mai-jan-biro yake kwashe kayansa na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Da zai fita sai ya ajiye mini jan birona a kan tebur, wanda ya ara tun bara.

Wanda aka kawo a madadinsa ba likita ba ne, a ofishin yaɗa labaran yaƙin neman zaɓe ya yi aiki. Muna kiransa Mai-turare, don kafin ya hawo bene kin san ya iso. Kada ki zaci mugu ne mai zare ido, wallahi da haka ne da ya fi mini sauƙi. Mutum ne mai fara'a, yana tambayar jikin Inna, ya sa an gyara mana fankar da ta shekara uku a mace. Makonsa na biyu ya tara mu ya ce a fada an ga taswira, an ce tokar nan tana tsorata masu zuba jari, tana kuma ba 'yan adawa abin faɗa. Ya ce a tunaninsa abu ne mai sauƙi, wanda bai kawo ƙara ba ai lafiyarsa lau. Na ɗaga hannu na fara ba shi labarin yara goma sha huɗu, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya ce labari ne mai taɓa zuciya. Litinin da ta biyo baya na kunna kwamfuta na tarar an sauya tsarin. Fom ba ya tafiya sai an cike kowane gurbi, kuma ƙarƙashinsa sunana ne da lambar aikina.

Na zauna ina kallon allon nan tun ƙarfe tara har aka yi azahar. Na tuna mutum shida da aka sallama a sashenmu saboda abin da bai kai wannan ba. Na tuna baban yara ya bar aiki, na tuna katin asibitin Inna a kan aikina yake rataye, da shi ake ba ta ƙwayoyin zuciyar nan. Na ce wa kaina in ban yi ba wani zai yi, kuma gara ni da na san gaskiya in zauna a kujerar. Kin san yadda mutum ke iya lallashin kansa in ya so. Sai na danna. Sifiri ɗari da goma sha bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ina ji kamar ina taka wani abu mai rai. Ina gamawa taswira ta yi kore, Mai-turare ya leƙo ya ce madalla da ƙwararru. Yau mako goma sha ɗaya ke nan ina yi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yanzu minti ashirin yake ɗauka ta.

Za ki ce to asibitocin da ke aikowa fa, su ba sa ganin ƙyandar? Suna gani. Amma ba a rubuta ƙyanda sai gwaji ya tabbatar, gwaji kuwa na gaya miki yana firiza. Don haka sai su rubuta zazzaɓi mai ƙuraje, shi kuma ba shi da launi a taswira. Ƙawata ta babban asibiti, wadda ta yi miki rakiya ranar tafiyarki, na haɗu da ita a kasuwa kwanan baya, ta rame kamar ba ita ba. Ta ja ni gefe wajen masu sayar da bokiti ta ce ɗakin yara ya cika, sun shimfiɗa katifu a hanyar wucewa, yara biyu da iyayensu mata a gado ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda ba sa tashi 'yan ƙasa da shekara ne. Ta ce shekararta ashirin tana aikin jinya, ba ta buƙatar wata na'ura ta gaya mata abin da take gani, jan ido da tari da ƙuraje daga bayan kunne. Ta tambaye ni mu a can sama me muke rubutawa. Na ce mata ana ƙoƙari, na sayi bokitin da ba na buƙata na wuce.

Kin tuna telan bakin layinmu, wanda ya ɗinka miki kayan da kika tafi da su? 'Yarsa ta ƙarshe, 'yar wata goma, mai kumatu, kullum tana zaune cikin kwali kusa da keken ɗinki tana cin tsumma. Da ta cika wata tara uwar ta kai ta asibitin unguwarmu allura, ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Ta koma bayan mako, kwaɗon dai. Ta ce bari ta jira motar allura, ba ta san motar na bayan ofishinmu ba. Ranar Asabar ta makon jiya yarinyar ta rasu. Ranar Lahadi na je na zauna da uwar, na riƙe mata hannu, ta ce mini da ta san ciwon na gari da ko a ƙafa ne ta kai ta babban asibiti tun da wuri, amma ai kullum rediyo cewa yake babu. Ranar Litinin na je aiki, na zo kan layin asibitin unguwarmu, lamba tamanin da uku, babu fom tunda babu mai aikowa. Auta, na danna sifiri. Na shiga banɗaki na yi kuka, na wanke fuska, na dawo na ƙarasa sauran.

A kan hanyata ta komawa gida, a babban shataletale, sun kafa wani ƙaton allo. Taswirata ce a kai, kore shar, ga hoton shugaban yana murmushi, an rubuta cewa a mulkinsa cuta ta ƙaura. Zaɓe saura shekara guda. Baban yara ya ce in kwantar da hankalina, mutane za su rama da ƙuri'a. Na ce masa da me za su rama? Telan nan yana ganin ƙaddararsa ce shi kaɗai, na wancan layin ma haka, babu wanda ya san su ɗari nawa ne, don wadda aikinta shi ne ta haɗa su wuri ɗaya ta faɗa, ita ce take share su duk Litinin. Majalisar da za ta tambaya an hana ta ji, kotun da ta tambaya an ɗauke mai tambayar, jaridar da za ta buga ba ta da abin bugawa. Ni da na zaci in za a ƙwace wa mutane ƙasarsu sai an ga sojoji a titi. Ashe ana iya yi da fanka sabuwa da mutum mai tambayar jikin mahaifiyarka.

Abin da ya fi mini wuya shi ne gaya wa Inna, don ba zan rubuto miki a bayan idonta ba. Kin san abin da likitan zuciya ya ce mana wancan karon, ba sai na maimaita ba. Kafin yaron nan ya cika wata tara a yi masa allura, a ƙara makonnin da take ɗauka kafin ta kama jiki, wata shida ne. Wata shida kuwa a jikin Inna ba ƙaramin abu ba ne. Na kwana biyar ina juya maganar, in ce ku zo in jefa shi cikin haɗari, ko in ce ku tsaya wataƙila ta tafi ba ta ɗauke shi ba. Har na fara tunanin dabara, a ɗauko ku daga filin jirgi kai tsaye, a kulle gida, kada kowa ya shigo. Sai na tuna ciwon nan a iska yake, mai shi zai bar ɗaki awa biyu wani ya shiga ya ɗauka, ga layin filin jirgi, ga maƙwabta da za su cika gidan nan ganin jariri, wa zai iya hana su?

Jiya da la'asar na same ta a ɗakinki zaune kusa da gadon. Na zauna a ƙasa na gaya mata komai, har abin da ban gaya wa baban yara ba. Ban san ko ta gane zancen kwamfuta da taswira ba, amma ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta murza bakin zanen. Sai ta ce, "'Yar tela fa, kin rubuta ta?" Na ce a'a, Inna. Ba ta yi mini faɗa ba, wallahi da ta mare ni da na fi jin daɗi.

Sai ta fara ba ni labarin ɗan'uwanmu. Ke kin san dai akwai wani tsakanina da ke, shi ya sa na ba ki shekara bakwai, kuma kin san duk wanda ya tambayi Inna 'ya'yanta nawa sai ta ce huɗu, mutane su yi ta ƙirga mu suna ganin uku. Ni ina da shekara huɗu lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne an hana ni shiga ɗaki. Ban taɓa sanin abin da ya ɗauke shi ba sai jiya. Ƙyanda ce, yana da wata takwas. Ta ce a lokacin babu asibiti kusa, babu mota mai yawon allura, babu wanda ya zo ya tambaya, babu takardar da aka rubuta sunansa a kai, ko ta haihuwa ko ta rasuwa. Ta ce shi ya sa da na samu aikin nan ta fi kowa murna, duk da ba ta taɓa faɗa mini ba, don ta ji an ce 'yarta ce za ta riƙa ƙirga irinsu. Auta, ban san inda zan sa kaina ba.

Daga nan ta miƙe da kyar, ta yaye zanen daga kan gadon, ta ninke shi da kanta gida huɗu, ta ƙi yarda in taya ta. Ta miƙo mini ta ce in mayar akwati. Sannan ta ce, "Ki rubuta mata ki ce ni na ce kada ta zo. Na taɓa riƙe ɗaya ina gani ya tafi. Gara wannan ya rayu ban riƙe shi ba." To kin ji, ba maganata ba ce ni kaɗai. Na san halinki, za ki karanta ki yi kuka ki ce sai kin zo ko da ke kaɗai ce, to yaro yana nono, ba ki da inda za ki bar shi. Ki nuna wa maigidanki takardar nan, ku je wurin likitanku na can, ku gaya masa abin da na faɗa ba tare da kun ce daga ina kuka ji ba. Ku ɗage tikitin. In mun yi waya kada ki ta da zancen, ki ce kawai hutun mijinki bai samu ba, zan gane.

Jibi Litinin ce. Ba zan yi miki alkawarin jarumtar da ban tabbatar ina da ita ba, kin ga dai abin da na yi mako goma sha ɗaya. Na fara rubuta abin da nake ji daga bakin ma'aikatan jinya a wani ɗan littafi, da jan biron nan, unguwa da shekaru da rana, 'yar tela ce ta farko a ciki. Ban san wa zan ba ba, ban san ko akwai ranar da wani zai tambaya ba. Lamba tamanin da uku kuwa, ina jin hannuna ba zai sake iya dannawa ba, in kuma ban danna ba fom ba zai tafi ba, kafin azahar Mai-turare zai hawo bene ya tambayi jikin Inna. Ki sa ni a addu'a, ki roƙa mini Allah ya yafe mini na baya.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce masa ba laifinsa ba ne, ya duba inda ya kamata mai hankali ya duba. Ki gaishe da surukarki da ta zo taya ki zama, Allah ya saka mata da alheri. Yaya yana gaishe ku, ya ce a gaya wa yaron kawunsa ya yi wa gadonsa fenti har hannu biyu, fentin kuma ba ya lalacewa a wata shida. Baban yara da 'ya'yanki duk suna gaisuwa. Inna ta ce ki shafa mata kan angonta, sannan tana da saƙo ɗaya, ta sa na maimaita mata sau biyu don kada in manta. Abokin baban yara zai juyo bayan kwana goma. Ta ce tunda hoto ba ya yi mata amfani, ki ba shi rigar yaron guda ɗaya ya kawo mata, wadda ya yini da ita a jikinsa. Ta ce ki ɗaure ta a leda da kyau, kuma don Allah kada ki wanke.

Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri, dukanmu.

Taki har kullum,
Yayarki